Hukuncin gadin unguwa, tunkarar ɗan fashi, da sayen kayan da ake zargin na sata ne

Tambaya: Malam, mu mazauna yankin Kankiya da Kusada ne. Sata ta dame mu, ga tsoron masu bindiga da dare. Wasu sun ce addu'a ta isa, yin gadi raunin tawakkali ne. Matasa kuma suna cewa duk ɓarawon da suka kama ba zai kai ofishin 'yan sanda ba. Mene ne daidai?

Amsa: Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzon Allah da alayensa da sahabbansa. Bayan haka:

Ya ɗan'uwa, Allah Ya ba ku lafiya da zama lafiya. Ka fara rarrabe abu biyu, domin shari'a ta rarrabe su. Akwai sata, wato ɗaukar dukiya a ɓoye daga ma'ajinta, kamar mai fasa shago, ko mai kwance akuya a turke, ko mai zare batirin sola da babur a zaure. Hukuncinta yana Suratul Ma'ida aya ta 38. Akwai kuma hiraba, wato fito da makami don ƙwace dukiya da firgita mutane. Tata tana aya ta 33. Ta farko tsohuwar cuta ce, tana ƙaruwa da kaka idan rumbu ya cika, da kuma gabanin Babbar Salla idan raguna sun yi ƙiba. Ta biyu da can labarinta muke ji daga garuruwan bakin Dajin Rugu, irin su Batsari da Safana da Ɗanmusa. Sannu a hankali ta matso gabas ta Matazu da Musawa har ta taɓa ƙauyukanku, kuma a ƙarshen 2025 ta tsallaka Tsanyawa da Shanono a jihar Kano. To wanda ke Rimaye ko Kafin Soli ko Yashe kada ya ce kusancinsa da titin Katsina zuwa Kano katanga ne.

Maganar cewa gadi raunin tawakkali ne kuskure ce. Tirmizi ya ruwaito daga Anas cewa wani ya tambayi Annabi (S.A.W) ko ya ɗaure taguwarsa ko ya sake ta ya dogara ga Allah, sai ya umarce shi ya ɗaure ta sannan ya dogara. Buhari da Muslim sun ruwaito daga Jabir umarnin a tsare yara a gida idan duhu ya shigo, a rufe ƙofofi da ambaton sunan Allah. Sun kuma ruwaito daga Nana A'isha cewa wani dare a Madina Annabi (S.A.W) ya yi fatan a sami salihin mutum ya yi gadinsa, sai ga Sa'adu ɗan Abi Waƙƙas da makaminsa, sannan ya yi barci. Wa ya kai shi tawakkali? Don haka ka karanta Ayatul Kursiyyu da azkar ɗin kwanciya, kuma ka sa sakata.

Gadin unguwa halal ne, kuma inda tsoro ya tabbata yana shiga taimakekeniya a kan alheri. Sharaɗinsa shi ne a yi shi da sanin mai unguwa da dagaci da jami'an tsaro, a san sunan kowane mai gadi da darensa, kada a ɗauki ɗan shaye-shaye don kawai ba ya tsoro. Gwamna Dikko Umaru Raɗɗa ya ƙaddamar da rundunar tsaron al'umma ta jiha a watan Oktoban 2023, kuma 'yan sintirinku su jingina da irin wannan tsari ya fi su zama gwamnatin kansu.

Idan mai makami ya shigo maka fa? Muslim ya ruwaito daga Abu Huraira cewa mutum yana da damar hana dukiyarsa da yaƙar wanda ya yaƙe shi a kanta, idan an kashe shi ya yi shahada. Amma mafi yawan malamai sun ce kare dukiya izini ne aka ba ka, ba wajibi aka ɗora maka ba. A mazhabarmu an ruwaito daga Imamu Malik cewa idan abin da suke nema ƙarami ne, kamar abinci ko tufa, a ba su kada a yi faɗa, Sahnunu kuma ya ga kada a ba su komai don kada su saba. Abin da nake gani a halinku, mai sanda ko adda a gaban mutum goma masu bindiga, iyalinsa na bayansa, ya miƙa waya da babur, babu laifi a kansa kuma babu ragwanci. Kare mutuncin iyali wani babi ne daban, ya fi dukiya nauyi ƙwarai.

Sai dai ka sani, baƙon da ya taso daga daji bai san wa ya sayar da sa jiya ba, bai san ɗakin da ake ajiye buhunan gero ba. Wani ne ya faɗa masa. Hausawa suka ce da ɗan gari a kan ci gari. Mai kai rahoto abokin tarayya ne a cikin jini da dukiyar da aka salwantar, ko da yana gida a kwance lokacin da aka yi. Imamu Ahmad ya ruwaito daga Miƙdad cewa satar gida goma ta fi sauƙin zunubi a kan satar gidan maƙwabci ɗaya; to ina ga wanda ya nuna ƙofar maƙwabcin? Kai kuma ka kama bakinka. Ba a majalisar mai shayi ake ƙirga kuɗin waken suya ba. 'Yar'uwa, ke ma lissafin adashi da kayan ɗakin amarya ba na gidan suna ba ne, haka ɗora hotunansu a WhatsApp.

Na biyun ɗan rahoto shi ne mai saye, kuma nan ne mutanen kirki suka fi faɗawa ba su sani ba, ko suka sani suka kau da kai. Yaro ya kawo maka waya babu kwali a kashi ɗaya cikin uku na kuɗinta, ko tunkiya da asuba ta bayan gida, ko babur babu takarda. Idan ka san na sata ne, ko zatonka ya rinjaya, saye haramun ne, kuma cinikin bai mayar da kayan naka ba: ranar da mai shi ya zo da shaida zai karɓi abinsa, kai ka bi wanda ya sayar maka. Ba banza ba ne dokar da Gwamna Aminu Bello Masari ya sa a 2021 ta hana sayar da babura na hannu a kasuwar Charanci, ta kuma dakatar da cinikin dabbobi a kasuwanni da dama. Mutane sun sha wahalarta, gaskiya ne, amma ta nuna inda kayan ke bi. Mahauci da dillali da mai gyaran waya, ku nemi shaidar mai unguwa ko wanda zai tsaya wa mai sayarwa.

Game da matasanku: kama ɓarawo daidai ne, dukansa har ya mutu ko cinna masa wuta babban zunubi ne, kuma wanda ya yi zai amsa tambayar jini. Haddi aikin alƙali ne, bayan shaidu ko iƙirari, da tabbatar nisabi, wato rubu'in dinari, da cewa daga ma'aji aka ɗauka. Taron da ihu ya tara bai binciki ko ɗaya ba. Azaba da wuta kuwa Buhari ya ruwaito hani a kanta. Haka nan haramun ne a tare Bafulatani mai tallar nono ko makiyayi mai wucewa a ɗora masa laifin wani. Nawa daga cikinsu aka kore wa shanu kamar yadda aka kore muku? Wanda ake zargi da kai rahoto ma, zargi ba shaida ba ne, sau da yawa tsohuwar gabar gona ce ta sami ƙofa. A rubuta abin da aka gani, a kai wa dagaci da jami'ai a asirce, a kuma bi sawun maganar har gaban kotu, domin sakin mai laifi don babu wanda ya yarda ya tsaya shaida shi ne ke tunzura matasan tun farko.

Allah ne Mafi sani.