Ciwon Tumatir da Feshi Ba Ya Warkarwa

A ƙauyukan da ke noman rani kusa da madatsar ruwa ta Sabke a ƙasar Daura, akwai asarar da ke ɗaure wa masu lambu kai. Tumatir yana kore shar da safe, kafin azahar ya langaɓe, bayan 'yan kwanaki ya bushe a tsaye alhali ganyensa bai ko yi rawaya ba. Mai lambu ya garzaya shagon magani, a ba shi na tsutsa, ya yi ta feshi da kuɗin da ya ranto, ciwon kuwa yana ta bin hanyar ban ruwa daga wannan kwami zuwa wancan. Wasu su ce ƙasa ce ta gaji, wasu su ce sammu. Abin da ke faruwa shi ne, wata bakteriya mai suna Ralstonia da ke zaune cikin ƙasa ce ke shiga ta saiwa, ta toshe jijiyoyin da ke kai ruwa sama. Idan aka yanki karan aka tsoma a kofin gilashi mai ruwa, za a ga farin zare kamar madara yana tsiyaya.

Masana a Indiya da Chile suna gwada yaƙar irin waɗannan cututtuka da wasu bakteriya masu amfani da suka samo daga tsaunukan Himalaya da ƙanƙarar Antaktika, mafi yawansu dangin Pseudomonas. Suna mamaye saiwa, su fitar da sinadaran da ke hana muguwar yaɗuwa, kuma sanyi ba ya kwantar da su. Wani zai ce ai hunturun Daura ma ba wasa ba ne, don haka a kawo su. To amma Ralstonia zafi take so, ɓarnarta tana ƙaruwa ne idan bazara ta shigo, lokacin da zafi kan haura digiri 40 a watan Afrilu. Wadda ta saba da ƙanƙara ba za ta tsaya wa manomi a wannan lokacin ba.

Abin ɗauka a nan dabarar ce: a nemi mai gadin shuka a cikin ƙasar da shukar take. Cibiyar IITA ta Ibadan ta riga ta nuna haka da Aflasafe, inda ta tace nau'o'in fumfuna marasa guba na Najeriya, ta shafa su a ƙwayar dawa, ana watsa kilo 10 a kowace hekta don kare masara da gyaɗa daga fumfuna masu guba. Gaskiya ne bincike irin wannan yana cin shekaru, manomi kuwa bashin bana ne a wuyansa. Kafin nan, tumɓuke shukar da ta kamu, hana ruwanta bi ta sauran kwamai, da hutar da gonar da gero ko dawa maimakon barkono da gauta, sun fi duk wata kwalbar feshi da zai saya.