Wankin Ƙoda: Kullum Ko Sau Uku A Mako?

Ciwon ƙoda ya daina zama baƙo a zangunanmu. Sau da yawa mukan ji sanarwa a masallaci ana neman taimako domin wani ɗan'uwa da ake yi wa wankin ƙoda. To amma kaɗan ne daga cikinmu suka san dalilin da ya sa likita yake cewa a zo sau uku a mako, ko kuma cewa a wasu ƙasashe akwai masu yin wankin kusan kullum.

Ƙoda guda biyu da Allah ya ba ɗan Adam ba sa hutu, dare da rana. Su ne ke tace jini, su fitar da datti da rarar ruwa da gishiri ta hanyar fitsari. Idan suka gaza, galibi saboda hawan jini ko ciwon suga, sai na'ura ta karɓi aikin. Wani likita ɗan ƙasar Holan, Willem Kolff, shi ya ƙera na'urar farko mai aiki a 1943. A 1960 kuma Belding Scribner na birnin Siyatil a Amurka ya samo dabarar maimaita wankin a kai a kai ga mutum ɗaya.

Tsarin da aka saba shi ne sau uku a mako, kowane zama kimanin awa 4. Mu yi lissafi irin na aji. Mako ɗaya awa 168 ne, na'ura kuwa awa 12 kacal take aiki. Wato ruwa da datti suna taruwa a jiki tsakanin zama da zama, sannan a kwashe su da gaggawa. Shi ya sa majinyaci kan tashi daga na'ura a galabaice, da jiri ko ɗaurewar ƙafa. Kuma mai zuwa Litinin, Laraba da Juma'a yakan yi kwana biyu cur ba wanki. Wani bincike da aka buga a Amurka a 2011, a kan majinyata sama da 32,000, ya nuna an fi samun mutuwa a ranar da ta biyo bayan wannan doguwar tazara.

Tsari na biyu shi ne na kullum, wato sau 5 ko 6 a mako, kowane zama awa 2 zuwa 3. An gwada shi a Amurka da Kanada a kan mutum 245 har tsawon shekara guda, aka bayyana sakamakon a 2010. Waɗanda aka yi wa sau shida sun fi samun daidaituwar hawan jini, sinadarin fosfet ya ragu a jininsu, kaurin tsokar zuciya ya ragu, kuma sun ce sun fi jin ƙarfin jiki. Dalilin a fili yake: ruwan da ake cirewa kaɗan-kaɗan ba ya wahalar da zuciya kamar wanda aka bari ya taru.

Sai dai kowane allazi da nasa amanu. Hanyar da likita yake yi a hannu, inda yake haɗa jijiyoyi biyu domin soka allura, ita ce jarin majinyaci. Binciken ya nuna masu wankin kullum sun fi buƙatar a yi musu aikin gyaran wannan hanya. Wani gwajin kuma na wankin dare a gida, sau shida a mako, a kan mutum 87, bai nuna fifiko a sarari ba, kuma an lura ɗan ƙarfin da ya rage wa ƙodarsu ya fi saurin ƙarewa. Ga kuma ɗawainiya: kuɗin mota kullum, barin kasuwa ko wurin aiki, da mai rakiya.

A nan Gana tambayar takan juya. Ana wanki a manyan asibitoci irin su Korle Bu a Ankara da Komfo Anokye a Kumasi, amma na'urori ba su wadaci masu bukata ba, kuma kowane zama yana cin ruwa mai tsabta sama da lita 100. A 2024 hukumar inshorar lafiya ta ƙasa ta fara ɗaukar nauyin wanki a wasu asibitoci. Duk da haka nisa da rashin hali sukan sa wasu su koma sau biyu a mako, ko ma sau ɗaya. Saboda haka kafin mu yi zancen sau shida, babban yaƙinmu shi ne ɗan'uwa ya sami ukun nan ba fashi.

Shawarata ga iyalan majinyaci ita ce: kada a tsallake rana don an ga ya ɗan warware. A rage gishiri da dunƙulen miya, domin su ke kawo ƙishirwa. A auna ruwan sha yadda likita ya ce, musamman Asabar da Lahadi. Ayaba, lemu da ruwan kwakwa suna da sinadarin fotashiyam, wanda yawansa a jini kan tsayar da zuciya. A guji jiƙe-jiƙe da magungunan ciwon jiki na bakin tasha. A kuma tambayi likita batun wankin ciki da ake yi a gida kullum, da batun dashen ƙoda.

Mu kuma da muke da sauran lafiya, mu riƙa auna hawan jini da suga, domin ƙoda takan daɗe tana lalacewa mai ita bai ji komai ba. Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, amin.