Lilon Kwalekwale a Kan Anga: Dalilinsa da Hanyoyin Tsai da Shi

Wanda ya tashi a Fagge ko Sabon Gari yana iya ganin batun anga ba nasa ba ne, tun da Jakara, wadda ta ratsa ta gefen unguwannin nan biyu, ba ruwan da za a sa wa jirgi ba ce. Amma wannan Jakara ita aka datse a Wasai a 1976, shekara biyu bayan kammala madatsar Tiga a zamanin Gwamna Audu Baƙo, kuma daga irin waɗannan madatsu ne kifi yake shigowa kasuwannin Kano. A wannan takarda za mu duba wata matsala da masuntan madatsu suka saba da ita, watau lilon da kwalekwale yake yi bayan an saki anga, ko dutsen da aka ɗaure da igiya a madadinta.

Da farko ya kamata mu rarrabe motsi iri biyu da akan haɗa su wuri ɗaya. Akwai kewayawa, watau iska ta sauya, jirgi ya bi ta ya zagaya angarsa. Idan zurfin ruwa gaba biyu ne, aka saki igiya gaba goma bisa ƙa'idar nan ta ninki biyar da matuƙa suka sani, to jirgin yana iya share fili mai faɗin kusan gaba ashirin. Akwai kuma lilo, wanda yake aukuwa ko da iska tana busowa daga wuri ɗaya, kuma shi ya fi ɗaure wa mutane kai.

Dalilinsa shi ne abubuwa biyu ke aiki a kan jirgi: iska tana tura abin da yake sama da ruwa, ruwa kuma yana riƙe abin da ya nutse. Kwalekwale ba shi da nauyi, gindinsa shimfiɗaɗɗe ne, goshinsa a ɗage, ga shi masunci yakan zauna a baya, abin da yake ƙara ɗaga goshin. Saboda haka iska ta fi samun abin kamawa a gaba, ruwa kuwa a baya. Da zarar goshi ya ɗan kauce, sai iska ta bugi kuiɓi, jirgi ya tafi a karkace har igiya ta miƙe ta fizgo shi, sa'an nan ya ba da ɗaya kuiɓin ya koma. Kowace fizga tana ɗan motsa dutsen a ƙasa, igiya tana goguwa a bakin katako, mai ɗaga kalli ko mamari kuwa sai ya ga kayansa sun shige ƙarƙashin jirgi. A nan ne mutane da yawa suke kuskure, su nemo dutsen da ya fi girma. Babban dutse yana hana jirgi tafiya, amma ba ya hana lilo, domin har yanzu wuri ɗaya aka ɗaure.

Inda ruwa bai kai tsawon gwangwala ba, magana ta ƙare: a kafa ɗaya a gaba, ɗaya a baya, a ɗaure.

A ruwa mai zurfi kuwa, abin da ya fi saurin zuwa a rai shi ne a saki dutse na biyu ta baya. Lalle jirgi zai tsaya cik, kuma da hunturu, lokacin da iska take zaune daga arewa maso gabas, dabarar tana da kyau. Da damina fa? Iskar yini daga kudu maso yamma take zuwa, hadari kuwa, kamar yadda kowane Bakano ya sani, daga gabas yake tasowa, kuma ba ya sallama. Jirgin da aka ɗaure gaba da baya ba shi da ikon juyawa ya fuskance shi, sai raƙuman ruwa su same shi a kuiɓi ko a baya, inda bakinsa ya fi kusa da ruwa, su cika shi. Don haka a ganinmu duk wanda ya yi wannan ɗauri, ya yi wa igiyar baya ƙullin zarge, ya sa mata gora a baki, yadda zai sake ta da fizga ɗaya, ya dawo ya ɗauka in hadari ya wuce.

Hanyar da muka fi amincewa da ita ita ce a saki duwatsun biyu duk ta goshi, ɗaya dama ɗaya hagu, igiyoyin su buɗe kamar bakin gwafa. In jirgi ya nufi dama igiyar hagu ta tare shi, in ya nufi hagu ta dama ta tare shi, goshinsa kuma yana nan yana kallon iska. Aibinta shi ne igiyoyin sukan murɗe da juna in jirgi ya kewaya, kuma a madatsa, inda ruwa ya shanye itatuwa da kututture, duwatsu biyu sun fi ɗaya saurin maƙalewa.

Mai dutse ɗaya ma ba a bar shi haka ba. Yana iya ɗaura wata gajeruwar igiya a jikin igiyar anga, kamar gaba ɗaya daga goshi, ya jawo bakinta zuwa tsakiyar jirgi ta gefe guda. Jirgin zai zauna a ɗan karkace, iska ta danne shi ta kuiɓi ɗaya, ba ta ƙara samun ɗayan ba. Yana iya kuma rataya bokiti cikin ruwa daga goshi, ruwa ya sami abin riƙewa a gaba, lilon ya yi sanyi. Masu jiragen shaƙatawa a Turai da Amurka sukan kafa ɗan ƙyalle mai kauri a bayan jirgi domin iska ta riƙa daidaita shi, kamar yadda take daidaita jelar kibiya. Ga kwalekwale, abin da ya fi kusa da wannan shi ne a mai da tarin kaya mai tsawo baya, mutum kuma ya matso gaba ya zauna, goshi ya ɗan nutse.