Sirrin Soja Da Kuɗin Jama'a: Yadda Kwangilolin Sayen Makamai Ke Lalacewa A Cikin Duhu

BAUCHI — Duk ɗan kasuwar da ya fito ta Ƙofar Wambai da ke tsohon birnin Bauchi ya nufi Kasuwar Wunti ko ta Muda Lawal domin saro kaya, ya san ƙa'idoji uku waɗanda ciniki ba ya ƙulluwa sai da su. Zai zagaya ya ji farashi a bakin masu kaya fiye da ɗaya, zai ga kayan da idonsa kafin ya biya, sa'an nan zai karɓi rasit ko ya kafa shaida. Waɗannan ƙa'idoji uku su ne aka sha jinginewa a cinikin makamai na Nijeriya da sunan sirrin tsaro, musamman idan an ce kayan na rundunonin ayyuka na musamman ne, kuma wannan jinginewa ta jawo wa ƙasar asarar dukiya da rayuka.

Maganar ba ta yi nisa da mutanen Bauchi ba. A garin ne Birged ta 33 ta manyan bindigogi take, a barikin Shadawanka, da makarantar horar da sojojin tankokin yaƙi, da kuma hedkwatar Rundunar Ayyuka na Musamman ta mayaƙan sama, wadda aka kafa a zamanin shugabancin Air Marshal Sadique Abubakar. Kazalika garin ya ɗanɗana ɗacin rashin tsaro: daga ofishin 'yan sanda na Dutsen Tanshi rikicin Boko Haram ya ɓarke a watan Yuli na 2009, an fasa gidan yarin Bauchi a watan Satumba na 2010 inda fursunoni fiye da 700 suka tsere, sa'an nan bam ya tashi a babbar kasuwar garin a watan Disamba na 2014. Saboda haka idan kuɗin makamai ya salwanta, ɗan kasuwa yana biya sau biyu, da harajinsa da kuma kasuwarsa.

Inda Doka Ta Bar Ƙofa A Buɗe

A shekarar 2007 Gwamnatin Tarayya ta kafa dokar bayar da kwangiloli, wadda ta samar da Hukumar Kula da Bayar da Kwangiloli, wato BPP. Dokar ta wajabta tallata aiki a jaridu, da bai wa 'yan kwangila damar gogayya a fili, da ƙayyade kuɗin kafin alƙalami. Amma sashe na 15 na dokar, kamar yadda aka kafa ta a 2007, ya ware kayayyaki da ayyuka na musamman da suka shafi tsaron ƙasa, ya ce dokar ba ta hau kansu ba sai idan Shugaban Ƙasa ya ba da izini. Bugu da ƙari, dokar kare sirrin gwamnati ta 1962 tana nan, kuma dokar 'yancin samun bayanai ta 2011 ita ma ta yarda a hana jama'a bayanin da ka iya cutar da tsaro.

Akwai hujja a kan wannan keɓewa. Rundunar ayyuka na musamman ƙaramar runduna ce da ake aikawa ceto waɗanda aka sace ko kai farmaki cikin daji da dare. Kayanta ba irin na sauran sojoji ba ne: tabaron hangen dare, na'urorin sadarwa da abokan gaba ba sa iya saurare, rigunan sulke marasa nauyi, da jirage masu saukar ungulu. Ana sayensu kaɗan-kaɗan, cikin gaggawa, daga kamfanoni ƙalilan. Idan aka buga jerinsu a jarida, an faɗa wa maƙiyi abin da ke tafe.

Sai dai waɗannan dalilai su ne kuma suke sa ɓarna ta yi sauƙi. Kayan da ba a sayar da su a kasuwa ba su da sanannen farashi da za a gwada da shi. Gaggawa tana ba da hujjar bai wa kamfani ɗaya aiki ba tare da abokin gogayya ba. Sirri kuma yana hana mai binciken kuɗi shiga rumbu ya ƙirga abin da aka kawo. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Abin Da Kwamitin 2015 Ya Gano

Tun kafin rikicin Boko Haram an san wannan hanya. A zamanin mulkin Janar Sani Abacha, daga 1993 zuwa 1998, ofishin mai ba shi shawara kan tsaro, Alhaji Isma'ila Gwarzo, ya riƙa rubuta takardun neman kuɗi domin wasu ayyukan tsaro na gaggawa, Babban Bankin Nijeriya yana fitarwa. Ma'aikatar Shari'a ta Amurka ta bayyana a ƙarar da ta shigar cewa abin da aka fitar ta wannan hanya ya haura dala miliyan 2,000.

A shekarar 2014 al'amarin ya sake fitowa fili. A watan Mayu sojoji sun buɗe wa motar kwamandansu wuta a barikin Maimalari da ke Maiduguri, bayan an kawo gawawwakin 'yan uwansu. A watan Disamba kotun soja ta yanke wa sojoji 54 hukuncin kisa saboda ƙin fita fagen daga, su kuwa sun kare kansu da cewa ba a ba su isassun makamai ba. An sassauta hukuncin zuwa ɗaurin shekara 10 a watan Disamba na 2015.

A tsakanin waɗannan abubuwa biyu, ran 5 ga watan Satumba na 2014, jami'an Afirka ta Kudu suka kama tsabar kuɗi dala miliyan 9.3 a cikin akwatuna, a wani jirgin sama na haya da ya sauka a filin jirgin Lanseria kusa da Johannesburg, ɗauke da 'yan Nijeriya biyu da wani ɗan Isra'ila. Bayan 'yan makonni aka sake riƙe wasu dala miliyan 5.7. Hukumomin Nijeriya sun ce kuɗin na sayen makamai ne. A lokacin Amurka tana ɗari-ɗari da sayar wa Nijeriya makamai saboda zargin take haƙƙin ɗan Adam, har ta hana a sayo jiragen yaƙi samfurin Cobra daga Isra'ila. Wannan ya tura gwamnati hannun dillalai, kuma a farkon 2015 aka ɗauko wani kamfanin tsaro mai zaman kansa, STTEP, ƙarƙashin Kanar Eeben Barlow na Afirka ta Kudu, ya horar da wata rundunar kai farmaki ta musamman, ba tare da an bayyana wa jama'a sharuɗɗan kwangilar ba.

A watan Agusta na 2015 Shugaba Muhammadu Buhari ya kafa kwamitin binciken sayen makamai tun daga 2007, ƙarƙashin Air Vice Marshal John Ode mai ritaya. Bisa bayanin da fadar Shugaban Ƙasa ta fitar a watan Nuwamba na wannan shekara, kwamitin ya gano cewa an kashe sama da naira miliyan dubu 643 da kimanin dala miliyan 2,193 waɗanda ba sa cikin kasafin kuɗi. Daga cikin kwangiloli 513 da ya duba, 53 ba a aiwatar da su ba. Bayanin ya zargi tsohon mai bai wa Shugaban Ƙasa shawara kan tsaro, Kanar Sambo Dasuki mai ritaya, da bayar da kwangilolin jiragen yaƙi samfurin Alpha guda 4, da masu saukar ungulu 12, da bama-bamai da harsasai, waɗanda aka ce ba a kawo su ba.

Kanar Dasuki ya musanta zargin, ya ce duk abin da ya kashe da amincewar Shugaban Ƙasa na lokacin ya kashe. An kama shi ran 1 ga watan Disamba na 2015, aka ci gaba da tsare shi duk da belin da kotuna suka ba shi da kuma hukuncin Kotun ECOWAS na 2016 da ya ce tsarewar ta saɓa wa doka, har sai ran 24 ga watan Disamba na 2019 aka sake shi. Wannan jan ƙafa ya nuna wata illar sirri: inda ba a ajiye cikakkun takardu ba, tabbatar da laifi yana da wuya, wanke mara laifi ma yana da wuya.

Canjin gwamnati bai rufe ƙofar ba. A 2018 an ciri dala miliyan 496 daga asusun rarar kuɗin man fetur aka biya Amurka kuɗin jiragen Super Tucano 12 kafin Majalisar Tarayya ta amince, abin da ya jawo ce-ce-ku-ce, ko da yake jiragen sun iso a 2021. A wannan shekara ta 2018 ƙungiyar Transparency International ta ƙiyasta cewa kuɗin tsaro da ake bai wa manyan jami'an gwamnati ba tare da bin diddigi ba ya kai dala miliyan 670 a shekara. A watan Maris na 2021 kuma, Manjo Janar Babagana Monguno, wanda ya gaji Dasuki, ya shaida wa Sashen Hausa na BBC cewa sababbin hafsoshin soja ba su ga kuɗin makamai ba kuma ba su ga makaman ba, kafin ofishinsa ya ce ba a fahimci maganarsa daidai ba.

Ba Nijeriya Kaɗai Ba

A maƙwabciya Jamhuriyar Nijar, bayan hare-haren Inates a watan Disamba na 2019 da Shinagodar a watan Janairu na 2020, waɗanda suka ci rayukan sojoji 71 da 89, binciken da Ministan Tsaro Issoufou Katambé ya sa aka yi ya ƙiyasta cewa ƙasar ta yi asarar kimanin sefa miliyan dubu 76 tsakanin 2014 da 2019, ta hanyar ninka farashi da kuma kayan da aka biya ba a kawo ba. Daga baya hukumomin shari'a sun rage wannan adadi. Rahoton ya nuna yadda wasu 'yan kwangila suka riƙa shigar da sunayen kamfanonin bogi domin a ga kamar an yi gogayya.

Hatta Amurka ba ta tsira ba. A 2012 wasu jami'an farar hula na rundunar sojan ruwanta sun ba wani makanikin motoci na jihar Kalifoniya, ɗan uwan shugabansu, kwangilar dala miliyan 1.6 domin ƙera na'urorin kashe ƙarar bindiga guda 349, suka ce na rundunar musamman ta SEAL Team 6 ne, kuma aikin na sirri ne. Bincike ya nuna cewa kuɗin ƙera su bai wuce kimanin dala 10,000 ba, rundunar kuwa ta ce ba ta nema ba. Bambancin shi ne masu bincike sun sami shiga, kuma a watan Oktoba na 2014 kotun tarayya ta kama makanikin da jami'i ɗaya da laifi.

Sirri Iri Biyu Ne

Darasin da ke cikin waɗannan misalai shi ne akwai sirrin aiki, akwai kuma sirrin kuɗi. Inda runduna za ta kai farmaki, da ranar da za ta tashi, da ƙarfin na'urorinta, duk sirrin aiki ne, kuma kare shi wajibi ne. Amma nawa aka biya, wane ne mai kamfanin, an kawo kayan ko ba a kawo ba, waɗannan ba su da amfani ga maƙiyi idan an taƙaita saninsu ga amintattun masu bincike. Wanda ɓoye su yake amfana shi ne mai cin riba ta haram.

Ƙasashen da suka rage wannan matsala ba su daina sirri ba, sun dai samar da waɗanda za su duba a asirce. A Amurka kwamitocin majalisa suna nazarin kasafin sirri a zaman da ba a buɗe wa jama'a. Jamus ta daɗe tana bin ƙa'idar cewa duk cinikin kayan soja da ya kai yuro miliyan 25 sai kwamitin kasafin kuɗi na majalisa ya amince da shi.

Hanya ta biyu ita ce rage dogaro da dillalai, ta hanyar ciniki kai tsaye tsakanin gwamnati da gwamnati, da kuma ƙera kaya a gida. Tun 1964 aka kafa Kamfanin Ƙera Makamai na Nijeriya, DICON, a Kaduna. A Bauchi ma an gina masana'antar haɗa motocin sulke tare da kamfanin Steyr na Ostiriya a shekarun 1980, amma ba ta cimma burin da aka gina ta dominsa ba. A watan Nuwamba na 2023 Shugaba Bola Tinubu ya sa hannu a sabuwar dokar DICON, wadda ta buɗe ƙofar haɗin gwiwa da 'yan kasuwa masu zaman kansu.

Abin Da Ya Kamata Ɗan Kwangila Ya Kiyaye

Mafi yawan abin da bariki ke saya ba sirri ba ne: shinkafa, man dizal, siminti, katifu, tayoyi da ɗinkin kaki. A nan ne ƙananan 'yan kasuwa suke da rabo, kuma a nan ne kalmar sirri ta fi cutar da su idan an fake da ita. Shari'o'in da suka biyo bayan binciken 2015 sun nuna cewa Hukumar EFCC tana bin sawun kuɗi ne daga asusu zuwa asusu, kuma 'yan canji da masu kamfanonin gine-gine da kuɗin ya ratsa ta hannunsu sun sami kansu a gaban kotu, wasu a matsayin shaidu, wasu a matsayin waɗanda ake tuhuma.

Saboda haka ya kyautu ɗan kwangila ya nemi takardar bayar da aiki mai sa hannun jami'in da ke da iko, ya karɓi biya ta asusun kamfaninsa mai rajista maimakon tsabar kuɗi, ya ajiye takardar shaidar miƙa kaya mai hatimin ma'ajin rumbu. Kada ya ara wa kowa sunan kamfaninsa domin cika adadin masu gogayya, kada kuma ya karɓi kuɗin aikin da bai yi ba da sharaɗin ya canza shi zuwa dala ya mayar. Idan kayan sun shafi tsaro, kamar rigunan sulke, ko motoci masu sulke, ko jirage marasa matuƙi, doka ta tanadi a sami takardar shaidar wanda zai yi amfani da kayan daga ofishin mai bai wa Shugaban Ƙasa shawara kan tsaro kafin a shigo da su.

Jami'in da ya ce aikin na sirri ne don haka babu takarda, wata rana zai yi ritaya ko a sauya masa wurin aiki. Sunan da zai rage a littafin banki ranar da kwamitin bincike ya zauna, sunan ɗan kwangila ne.