Babbar Taya ga Motar Daji: Abin da Mai Mota Zai Duba Tukuna

Barmu gari ne a arewa maso gabashin Tawa, wajen da gonakin Adar ke ƙarewa, ƙasar kiwo ta fara. Tun 1961 hukuma ta yi dokar da ta sa iyakar noma ta arewa, don a bar wa makiyaya abin da ke bayanta. Saboda haka kasuwannin wannan yanki mahaɗa ce. Manomi ya kawo hatsi da wake, makiyayi ya kawo bisashe da cuku. Hanyar kwalta ta Tawa zuwa Arlit, wadda aka gama wajen 1980 don ɗaukar yuraniyom, ta ratsa Tabalak da Abalak da Agadas. Amma ƙauyuka da rugage da yawa suna nesa da ita. Wanda zai je can sai ya bi rairayi da duwatsu da ƙorama.

Motar da ke wannan aiki ita ce mai jan ƙafa huɗu. Dā Land Rover ce ta yi suna. Daga baya Toyota Land Cruiser da Hilux suka karɓe hanya. Mota guda ita ke kai buhuna kasuwa, ita ke ɗauko awaki da tumaki, ita ce kuma ake bugun ƙofar mai ita da tsakar dare idan haihuwa ta gardama, a ce a kai mace likita Tawa. In ta kafe cikin rairayi, ko gatarinta ya karye a daji, ba mai ita kaɗai ke shan wahala ba.

Don haka ne masu motoci da yawa ke sha'awar sa babbar taya. Suna cewa mota za ta ɗaga, ba za ta riƙa dukan dutse ba, ba za ta nutse ba. Akwai gaskiya a ciki. Amma taya ba ita kaɗai take aiki ba. Tana haɗe da birki da sifirin da gatari da giya da inji, kuma duk an auna su ne daidai da tayar da mota ta fito da ita daga masana'anta.

Karanta lambar taya

A gefen kowace taya akwai rubutu. Tayar da Land Cruiser ta aiki ta saba zuwa da ita ita ce 7.50 R16. Ma'anarsa faɗinta inci bakwai da rabi, ƙarfen da ake ɗaura ta a kai, wato janti, inci 16. Tsayinta daga ƙasa zuwa sama ya ɗan wuce santimita 80.

Akwai kuma sabon salon rubutu, kamar 235/85 R16. Lambar farko faɗi ne da milimita. Ta biyu tsayin gefen taya ne, kashi 85 cikin 100 na faɗin. In aka yi lissafi, tsayin wannan taya santimita 80 da rabi ne, wato kusan ɗaya take da 7.50. A nan ne mutane ke ruɗewa. Mutum ya ga 265/75 R16, ya ga lamba ta fi girma, ya biya kuɗi da murna. Alhali tsayinta santimita 80 ne ita ma. Faɗi kawai ta ƙara, motarsa ba ta tashi ko da yatsa ɗaya ba. Wadda ta fi tsayi ita ce irin 255/85 R16, mai santimita 84, ko kuwa 9.00-16 ta rairayi, wadda ta wuce santimita 90.

Sai a lura da abu guda. Mota ba ta tashi da dukan abin da taya ta ƙara, rabinsa take samu, domin gatari a tsakiyar taya yake. Wanda ya bar ta 80 da rabi ya koma ta 84 bai samu ko santimita 2 cikakku ba. Wanda ya koma 9.00 ya samu kamar santimita 5. Kaɗan ne a ido, amma a hanyar da manyan motoci suka haƙa kwari biyu suka bar tudu a tsakiya, santimita 5 kan raba wanda ya wuce da wanda ya kwana. Kuma taya ce kaɗai ke ɗaga tulun gatari. Ƙarin sifirin jikin mota yake ɗagawa, tulun yana nan inda yake.

Rairayi, dutse da laka

Ƙasar Adar ba iri ɗaya ba ce. A tafiya guda direba zai hau fako mai tsakuwa da duwatsu masu kaifi, ya gangara ƙorama mai yashi, ya shiga tudun rairayi. Da damina kuwa, daga Yuli zuwa Satumba, fadamu su zama laka. Ba tayar da ta fi kowace a duk wuraren nan.

A rairayi abin da ake so shi ne taya ta shimfiɗu, ta taka wuri mai yawa. Mutane na zaton faɗi ne ke yin wannan. Tsofaffin direbobin hamada sun san rage iska ya fi. Idan aka rage iska, sawun taya tsawo yake ƙarawa gaba da baya, sai mota ta riƙa tafiya a bisa yashi kamar raƙumi. Doguwar taya mai dogon gefe ta fi shimfiɗuwa, shi ya sa doguwa siririya ta daɗe tana aiki a hanyoyin arewa. Mai faɗi sosai tana tura yashi gabanta, tana ƙara shan mai, tana kuma nauyaya sitiyari.

A yashi mai laushi akan sauke iska zuwa kamar kilo ɗaya da rabi, a tafi sannu. Da an fito a hau dutse ko kwalta dole a mayar da iskar. Taya mai ƙarancin iska tana lanƙwasa, tana zafi, kuma a watan Afrilu da Mayu, lokacin da zafin Tawa ke wuce digiri 40, ba ta daɗewa take fashewa. Gefenta kuma yakan kumbura waje, dutse ya yanke shi, ko kututturen aduwa ya soke shi. Hujin tsakiya mai faci zai gyara. Yankan gefe kuwa taya ta tafi. Saboda haka wanda ba shi da famfon iska da ma'aunin iska a mota, dabarar nan ba tasa ba ce. Mai robar ciki ya ƙara hankali, don in iska ta yi kaɗan ƙwarai taya kan zame bisa janti ta tsinke bakin robar.

Taya mai manyan haƙora ta laka ce. A fadama tana da amfani. A busasshen yashi kuwa haƙa take yi, ta binne mota da kanta.

Abin da babbar taya ke ci

Doguwar taya tana tafiya mai nisa a kowane juyi, don haka inji sai ya ƙara ƙoƙari kafin ya juya ta. Kamar an ɗaga kowace giya ne. Injin gazuwal na 1HZ, mai lita 4.2 da silinda shida, wanda Toyota ta fara sawa a 1990, inji ne mai haƙuri, amma ba shi da ƙarfin da ya yi yawa. Ƙarin kashi 4 cikin 100 ba zai dame shi sosai ba. Ƙarin da ya wuce kashi 10, irin na 9.00, za a ji shi tun wajen tashi. Hawan da ake yi da giya ta uku sai an koma ta biyu. Direba ya riƙa riƙe kuloci, kuloci ya ƙone. Maganin wannan shi ne a sake haƙoran cikin tulun gatari, na gaba da na baya tare, kuma aiki ne mai tsada da ba kowane gareji ke iya shi ba.

Agogon mota ma sai ya fara ƙarya, don juyin ƙafa yake ƙirgawa. Da taya mai santimita 84, in ya nuna kilomita 100, an yi 104. Da 9.00, in allura ta nuna gudun 80, mota ta kusa 90. Wanda ke sake man inji bisa ga agogo, ko yake yanke kuɗin haya da shi, sai ya riƙa ƙara wannan a lissafinsa.

Birki shi ne babbar magana. Taya mai tsayi da nauyi ta fi wuyar tsayarwa, birki kuwa yana nan yadda yake. Jaki ko yaro ya faɗo hanya, tazarar da mota ke tsayawa jiya ba za ta isa yau ba. Haka nan ƙarfin da ke bi ta cikin gatari yana ƙaruwa. Tsohuwar Land Rover sananniya ce wajen karya sandar gatarin baya ko da tayarta ta asali. A Land Cruiser kuwa gaɓar gatarin gaba ce ke shan wuya, musamman in an murɗe sitiyari har ƙarshe ana taka mai don a fita daga rami.

Gyaran da ke tafiya tare da ita

Abu na fari, wuri. A ɗaura taya, a murɗe sitiyari dama da hagu har ƙarshe, a duba ko tana gogar sifirin ko jikin mota. A sake dubawa da kaya a kai, ƙafa guda bisa tudu, don taya da ta wuce lafiya a gareji tana iya cin jiki a gargada.

Idan wuri bai isa ba sai a ɗaga mota. Land Cruiser ta 75 sifirin ganye take da shi gaba da baya. Ta 79, wadda ta fito a 1999, gabanta sifirin murɗaɗɗe ne, bayanta ganye. Makanikai sukan ƙara ganye ɗaya ko biyu a baya. Ba laifi, muddin an sa sababbin ƙarafan ɗauri masu tsawon da ya dace. Amma in mota ta tashi, shokazoba ma tana son mai tsawo, in ba haka ba ita za ta riƙa riƙe gatari har ta tsinke. Tiyon birki shi ma a duba, kada ya miƙe ya yanke lokacin da ƙafa ta faɗa rami. Wannan tiyo ƙaramin abu ne mai araha, shi ne kuma aka fi mantawa da shi.

Ɗagawa tana da iyaka. Duk abin da mota ta tashi, nauyinta ya hau sama, kifewa ta yi sauƙi. Motar kasuwa dama kaya ake lafta mata har sama da kan direba, mutane su zauna bisa kayan. A ƙara mata tsayi, ta ratsa gefen tudun rairayi a karkace, to garin neman gira ana iya rasa ido. Santimita 5 ya ishi motar aiki.

Janti ma a duba. Taya mai faɗi ba ta zama daidai bisa siririn janti na 7.50. Wanda zai sayi wani ya ƙirga ramukan noti, don ta 75 shida gare ta, ta 79 kuwa biyar. Janti mai zobe, wanda ake ɓallewa, yana da sauƙin gyara a daji da ƙarfe biyu da guduma. Amma in zoben bai zauna daidai ba aka hura iska, yakan tashi da ƙarfin da zai kashe mutum. Kada yaron mota ya tsuguna a kansa yana hurawa. A juya zoben ƙasa ko a ɗaure shi da sarƙa.

Taya biyar ake saye, ba huɗu ba. Waɗannan motoci in an sa ƙafa huɗu, gaba da baya a kulle suke juyawa tare. Idan taya ɗaya ta fi sauran gajarta, giya ce ke biyan bambancin. Tsohuwar safaya ta 7.50 ba ta da amfani ga motar da ta koma 9.00. Jak ma a gwada shi a gida, a ga ko yana iya ɗaga sabuwar ƙafa daga ƙasa, a kuma ajiye katako mai faɗi da za a ɗora shi a kai cikin yashi.

Nauyi da shekaru

Bayan lambar girma akwai lambar nauyi, kamar 120/116. Lamba 120 tana nufin taya ɗaya na ɗaukar kilo 1,400 idan an cika mata iskar da aka rubuta. Ta biyun ta motar da ke da taya bibbiyu ce a baya. Akwai manyan tayoyi masu kyan gani da aka yi don motocin yawo na birni, lambar nauyinsu ba ta kai ta 7.50 mai kauri ba. Girma dabam, ƙarfi dabam. Kuma ko taya ta fi ƙarfi, motar ba ta sake ba. Kayan da aka yi Land Cruiser mai buɗaɗɗen baya ta ɗauka kamar tan guda ne. Buhu goma na hatsi mai kilo 100 sun cika shi, tun ba a ƙirga mutane ba.

Dā akwai masana'antun taya a Najeriya. Michelin ta rufe tata ta Fatakwal a 2007, Dunlop ta daina yi a Legas a 2008. Yanzu daga nesa taya ke zuwa, sabuwa daga ƙasashen Asiya, ta hannu daga Turai. Mai sayen ta hannu ya nemi lamba huɗu da ke ƙarshen rubutun DOT. Biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara. In an rubuta 2319, an yi ta a mako na 23 na 2019. Masu yin taya da kansu suna cewa wadda ta kai shekara goma a cire ta ko da haƙoranta ba su cinye ba. Wadda ke da hoton dutse da ƙanƙara a gefe sau da yawa ta lokacin sanyin Turai ce, irin wannan robarta laushi gare ta, zafin Adar kan cinye ta da wuri. A leƙa cikinta kuma, a shafa da hannu, a ga ko an yi mata facin gefe.

Lokacin da ya fi dacewa da wannan aiki shi ne da rani, kafin ruwa ya sauka, don a samu damar gwada mota a hanya ta kusa. Bayan tafiyar kilomita 50 zuwa 100 a sake ɗaure notin ƙafafu da na sifirin, domin sabon ɗauri yakan saki. A taɓa tsakiyar kowace ƙafa da hannu bayan an tsaya. Wadda ta fi ƴan'uwanta zafi, a kai wa makaniki ya buɗe ta kafin ranar kasuwa.