Ƙanƙarar kofi daban, ta kan tudu daban: ina ruwan Libreville da kogunan ƙanƙara?

Tun da Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware shekarar 2025 don ceto kogunan ƙanƙara, ta kuma tsayar da 21 ga Maris a matsayin ranarsu, wata tsohuwar hujja ta sake fitowa a wayoyin jama'a da majalisun hira. Wai ka jefa ƙanƙara a kofi, ka cika shi da ruwa har baki, ka bari ta narke, ko ɗigo ba zai zuba ba. Saboda haka, in ji masu hujjar, zancen cikowar teku ƙaryar Turawa ce.

Gwajin gaskiya ne, amma an kai shi inda ba muhallinsa ba, kuma abin yana damuna, don har masu ilimi na yaɗa shi. Ƙanƙarar da ke iyo ta riga ta ture ruwa daidai nauyinta tun daga farko, shi ya sa narkewarta ba ta ƙara komai a zo a gani. Ba da ita ake kuka ba. Mai son gwaji na adalci ya cika kofin da ruwa zalla, sannan ya ɗauko curin ƙanƙara daga firji ya jefa ciki, ya ga ko ba sai an nemo tsumma ba. Kogin ƙanƙara a kan tudu yake zaune, a Girinland da Antatika da ƙwanƙolin manyan duwatsu, kuma duk abin da ya gangaro daga gare shi ƙari ne a kan ruwan teku.

Asalinsa dusar ƙanƙara ce da ta sauka ba ta narke ba har ta shekara mai zuwa ta hau kanta. Ta sama tana danne ta ƙasa, iskar da ke tsakani tana ficewa, garin ya koma tsaki-tsaki, daga nan ya dunƙule ya zama ƙanƙara mai tauri, shuɗi-shuɗi. Idan kaurin ya kai wajen mita 50, nauyinsa ya kan sa na ƙasa ya fara miƙewa yana malala a hankali, ruwan da ke ƙarƙashi kuma yana ƙara masa santsi. Yawancinsu ba sa wuce mita ɗaya a yini, amma na Jakobshavn a Girinland ya taɓa yin fiye da mita 40. A tafiyar nan yana ciccire duwatsu, ya riƙe su a gindinsa yana kankare ƙasa da su, ya mai da matsattsen kwari mai faɗi, ya zubar da tarin tsakuwa a inda ya tsaya.

Ba sai mun je Turai neman shaida ba. A tudun Djado, arewa maso gabashin Nijar, akwai shimfiɗaɗɗun duwatsu masu dogayen zane a jere, duk sun fuskanci gefe guda. Sawun ƙanƙara ne na kimanin shekara miliyan 445 da suka wuce, lokacin da wannan sashe na Afirka yake kusa da ƙurewar kudu ta duniya.

Gabon ma ta ɗanɗana, ko da yake ƙanƙarar ba ta tako ta ba. Wajen shekara 20,000 baya, ruwa mai yawa ya daskare a kan tudu har teku ta yi ƙasa da kimanin mita 120. Bakin ruwa ya ja can nesa da inda Libreville, babban birnin ƙasar, take a yau, ruwan sama ya ragu, kurmi ya tsuke. Filayen ciyawar da ake gani tsakiyar kurmi a gandun Lopé, wanda UNESCO ta sa cikin kayan tarihin duniya a 2007, ragowar wancan zamani ne. Da ƙanƙarar ta narke, teku ta dawo ta cika bakin kogin Komo, inda birnin ke zaune.

Kusan a layi ɗaya da Libreville, a gabas, duwatsun Rwenzori na kan iyakar Yuganda da Kwango suna da kogunan ƙanƙara 43 a 1906. Zuwa 2005 ko rabi ba su rage ba. Kilimanjaro ya rasa kusan kashi 85 cikin ɗari na ƙanƙararsa tsakanin 1912 da 2007. Waɗannan ƙanana ne, ba su za su cika teku ba, amma suna nuna inda aka dosa. Ƙanƙarar Girinland kaɗai, in ta narke duka, za ta ɗaga teku da kusan mita 7.

Daga 1901 zuwa 2018 teku ta tashi da kimanin santimita 20, wani kaso daga narkewar ƙanƙara, wani daga kumburin ruwan da ya ɗumama. Kada a raina santimita 20. A gaɓa mai shimfiɗa irin ta birnin Port-Gentil, ko unguwannin Libreville da ke bakin fadama, ita ce ke ba igiyar ruwa damar zarce iyakarta, ta kuma hana magudanai zubar da ruwan damina idan teku ta ciko.

Sai dai ba duka laifin ƙanƙara ba ne. Ɗibar yashi a gaɓa, sare itatuwan fadamar bakin teku da ke karya ƙarfin igiya, da cike fadama a kafa gini, duk aikin hannunmu ne, kuma ana yin su hukuma na kallo. Libreville ta karɓi babban taron kare dazuzzuka a Maris na 2023, an sha jawabai. Ya kamata a ga irin wannan himma a bakin ruwan birnin kansa.

Ɗan'uwa mai neman fili a Libreville ko Port-Gentil, kafin ka biya kuɗi, je ka ga wurin ranar da aka yi ruwa mai ƙarfi kuma teku ta ciko, ka tambayi tsofaffin unguwar inda ruwa yake tsayawa a da.