Su Kare da Kyanwa, Mu Jaki: Doka Ta Shigo Kasuwar Dabbobi

Idan aka ce wa mai sayar da albasa a kasuwar Tawa akwai ƙasar da ake zuwa kanti a sayi kare kamar yadda ake sayen sabulu, dariya za ta yi. To amma a Faransa haka abin yake a da, sai da majalisa ta yi doka a watan Nuwamba 2021, wadda ta hana kantuna sayar da karnuka da kyanwoyi tun daga 1 ga Janairu 2024. Dalili shi ne mutum ya gani ya saya don sha'awa, bayan 'yan watanni ya gaji ya yar a titi. Yanzu sai ya sa hannu a takardar alkawarin kula da dabbar, ya jira kwana 7, kafin a ba shi.

Mu nan Adar ba a kanti muke samun kare ba, maƙwabci ke ba da shi kyauta. Amma dokar hana cinikin dabba ba baƙuwarmu ba ce, sai dai a kan jaki ta faɗo.

Idan ba a manta ba, a 2016 gwamnatin Nijar ta hana fitar da jakuna, bayan an fitar da kimanin dubu 80 kafin shekarar ta ƙare, alhali a 2015 dubu 27 ne. Fatar ake nema, ana dafa ta a ƙasar Sin a yi magani. Kuɗin jaki ya ninka har sau uku. A Fabrairu 2024 ma Tarayyar Afirka ta amince da hana yanka jakuna don fata a nahiyar baki ɗaya.

Dillalan Badagishiri da Abalak za su ce an rage musu la'ada, kuma ba ƙarya suka yi ba. Sai dai wa ke jawo ruwa daga rijiyoyin Adar masu zurfi? Wa ke jan amalanken albasa da itace zuwa kasuwa? Ranar da jaki ya fi ƙarfin talaka, kan mace ne zai ɗauki kayan, kuɗin dako kuwa ya hau kan kowace tiya.

Don haka, 'yan kasuwa maza da mata, duk wanda ya ga baƙon mai saye yana tara jakuna bai damu da lafiyarsu ba, gurgu da tsoho duk nasa ne, to ya sani ba aiki za su yi ba. Ya sanar da sarkin kasuwa ko ma'aikatan kiwo tun kafin a wuce da su iyaka.